Ku Tambayi Kawu: Idan aka tsare ni, wa zai taɓa kuɗina?

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina zaune a Garin Malam, nan Damagaram. Na gama jami'ar André Salifou, aikin gwamnati bai samu ba, sai na buɗe ɗan shagon cajin waya da sayar da kati kusa da kasuwar Dole. Ina da moto guda da wani yaro ke yi mini kabu-kabu da ita, da fegi a hanyar Mirya da ban fara ginawa ba. Ina da mata da ɗiya ɗaya ƴar shekara 2, iyayena duka suna raye. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar matasa da ke fafutuka kan matsalar ruwan sha a unguwanni, muna magana a rediyo, muna rubutu a Facebook. Kuɗin ƙungiya suna cikin wayata tare da nawa. Kwanan baya aka kira wani abokinmu komisariya, ya yi kwanaki bai dawo ba, matarsa ta rasa na cefane alhali yana da kuɗi a banki. Da na ce zan rubuta wasiyya, mahaifiyata ta ce ina kira wa kaina mutuwa, abokai a fada suka yi ta dariya wai me na tara. Ina so in rubuta cewa fegin na ɗiyata ne ita kaɗai, moto kuma ta ƙanena ce. Ya halatta? Kuma wasiyyar za ta ba matata damar taɓa kuɗina idan an tsare ni?

Ɗanka, daga Garin Malam

Wa alaikumus salam ɗana. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce mai gaggawa, amsarta kuwa a'a. Wasiyya ba ta aiki sai mai ita ya rasu. Muddin kana numfashi, ko kana komisariya, ko gidan kaso, ko kana kwance a asibiti ba ka san inda kanka yake ba, takardar wasiyya ba za ta fitar wa matarka ko dala ba. Abin da iyalin abokinka suka rasa shi ne wakili.

A irin aikin da kuke yi kuwa, tsarewa ta fi mutuwa kusa. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama jagororin ƙungiyoyin fafutuka Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a Yamai kan zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗin shekarar, aka rarraba su gidajen kaso na wajen birnin, ba su fito ba sai cikin watan Yuli. Wata huɗu ke nan, kuma waɗannan manya ne masu lauyoyi, duniya ta san sunansu. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 an cire mata hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022, a watan Yunin 2024 aka maido shi. Ko ka ci gaba da fafutuka ko ka bari, wannan tsakaninka da iyayenka ne, ban da ta cewa. Nawa shi ne in tuna maka cewa haya da nonon yarinya ba su san an tsare maigida ba.

Lokacin da nake aikin magatakarda a kotu, abin da na fi gani shi ne mace ta zo da goyo, ta kwance bakin zane ta fito da katin ɗan ƙasar mijinta da takardar banki a naɗe cikin leda, ta ɗora kan tebur ta ce a ba ta takardar da za ta ciro kuɗi. Ta riga ta je banki an ce mata ba sunanta a asusun. Mu ma ba mu da takardar da za mu ba ta, domin mai kuɗin yana raye, shi kaɗai ke da ikon sa hannu. Ana iya kai wa wanda ke tsare takarda ya sa hannu, amma sai an nemi izinin ganinsa daga alƙalin da ke riƙe da shari'ar, kuma in an kai shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce zuwa kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka takardar farko da za ka yi ita ce ta wakilci. Ka rubuta sunanka da na wakilinka daidai yadda suke a katin ɗan ƙasa, da lambobin katin, sannan ka faɗi abin da ka wakilta shi ya yi, ɗaya bayan ɗaya: ya ciri kuɗi daga asusu kaza, ya karɓi balas ɗin moto daga hannun yaro, ya biya hayar shago. Ka sa mata wa'adi, ko shekara guda, in ya cika ka sabunta. Ka kai ta ofishin magajin gari ko komisariya a tabbatar da sa hannunka, a buga hatimi. Banki kuwa yawanci yana da tasa takardar, don haka kada ka dogara da wadda ka rubuta a gida. Ku je tare da matarka, kowa da katinsa, a ɗauki sa hannunta tun yanzu. In kuma magana ta kai ga sayar da fili ko gida, wannan sai gaban noter, jami'in da doka ta ba ikon rubuta irin wannan yarjejeniya.

Sai dai ni ba zan ba ka shawarar ka ba kowa ikon sayar da feginka ba. Na taɓa ganin takardar wani bawan Allah da zai tafi Libiya neman kuɗi, ya rubuta wa ɗan baffansa cewa ya yi duk abin da ya ga ya dace da dukiyarsa. Da ya dawo ya tarar da gini a filinsa har an yi rufi. Ya kawo ƙara, aka buɗe takardar, ga sa hannunsa, ga hatimi. Wakili yana da nauyin ba da lissafi, gaskiya ne, amma bin kuɗin da aka riga aka ci wata shari'a ce daban, mai tsawo. Ka taƙaita ikon. Matarka ta riƙe na banki da na shago, takardar fegi ta zauna wurin mahaifinka ajiya kawai.

Ka san kuma iyakar wannan takarda. Kana iya soke ta duk ranar da ka ga dama, amma sai ka sanar da banki a rubuce, in ba haka ba za su ci gaba da biyan wakilin. Kuma tana mutuwa tare da kai. Malaman fiƙihu sun faɗi haka, kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ma ya faɗi haka a sashe na 2003. Daga ranar rasuwa dukiyar ta zama ta magada, wanda ya yi sauri ya ciro kuɗi da tsohuwar takardar wakilci kafin labari ya kai banki, dukiyar marainiya ya taɓa, kuma ka san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta ce game da wannan. Hanyar da ake bi bayan rasuwa ita ce takardar shaidar mutuwa, sai taron dangi a gaban kotu a tantance magada a rubuce, a naɗa wanda zai karɓa a madadinsu. A nan ne ake tambayar takardar aure da ta haihuwar yara. Matasa da yawa an ɗaura musu aure a ƙofar gida, an raba goro, an watse, ba wanda ya je ya rubuta shi. In kana cikinsu, ka gyara wannan kafin komai, ka kuma duba ko ɗiyarka tana da tata takardar haihuwa.

Yanzu abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, wanda kai ko tambaya ba ka yi a kansa ba: kuɗin ƙungiya cikin wayarka. Ɗana, ka fitar da su cikin wannan makon. Waya ita ce abu na farko da ake karɓa a hannun wanda aka kama. Ranar da aka tafi da kai, an tafi da asusun ƙungiya. In kuwa rasuwa ce, duk abin da aka samu a layinka naka ne a idon kotu har sai wani ya kawo hujja, sai ka ga abokan gwagwarmaya da matar marigayi suna nuna wa juna yatsa tun ba a yi sadakar bakwai ba. Ga kuma na uku: ba abin da ya fi sauƙi wajen ɓata mai fafutuka kamar a ce ya ci kuɗin jama'a, kuma ma'ajin da ya cakuɗa nasa da na ƙungiya ba shi da bakin kare kansa ko da bai ci sisi ba. In ƙungiyarku tana da takardar izini bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, ku buɗe asusu da sunanta, mutum uku su ajiye sa hannu, kowane biyu daga ciki su iya fitar da kuɗi. In ba ta da izini tukuna, ku sayi littafi, kowace shiga da fita a rubuta, mutum biyu su sa hannu, littafin ya kwana a gidan da ba naka ba. Haka nan kuɗin matarka, na adashenta ko na sana'arta, su zauna da sunanta. Wata doka ta watan Agustan 2024 ta ba hukuma ikon toshe dukiyar wanda aka shigar da sunansa rajistar waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, kuma asusun da aka toshe ba wakilin da ke buɗe shi.

To, mu zo kan wasiyya. Ka lallaɓa mahaifiyarka, tsoron uwa ne, ba jayayya take da addini ba. Kada ka tsaya kana jawo mata hadisi kai da kanka, ka nemi malamin da take jin maganarsa ya karanta mata hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, wanda ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ba a ce tsoho ba, ba a ce mai kuɗi ba. Abokanka na fada kuwa, ka tambaye su wa ya san bashin da ke kansu in ban da su.

A ƙasar nan ba mu da kundin dokar iyali guda. Dokar tsarin kotuna ta 2018, kamar ta 2004 da ta gabace ta, ta ce a sha'anin aure da gado da kyauta da wasiyya alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, yana zaune da mashawarta masana al'ada. A Damagaram, ga Musulmi, wannan na nufin fiƙihun Malikiyya, abin da ke cikin littattafan Risala da Muhtasar. Don haka wasiyyar da ta saɓa wa ƙa'idojinsa ba za ta tsaya ba ko a zauren malam ko a kotu. Ƙa'idojin da suka shafe ka biyu ne. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan an yi jana'iza an biya bashi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Kuma babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun yarda.

Ɗiyarka magajiya ce, saboda haka rubuta mata fegi a wasiyya bai yi ba. Amma ka duba abin da Allah ya riga ya ba ta. A ce bayan bashi da komai abin da ka bari ya kai sefa miliyan 2 da jika 400. Ana kasa shi 24. Ɗiya ɗaya tilo tana da rabi, miliyan 1 da jika 200. Matarka tana da sumuni, ɗaya cikin takwas, jika 300. Mahaifiyarka sudusi, ɗaya cikin shida, jika 400. Mahaifinka sudusi da ɗan abin da ya saura, jika 500. In duk da haka kana son fegin ya zama nata ita kaɗai, hanyarsa kyauta ce, yanzu, kana da lafiyarka. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu, amma uba yana karɓa wa ɗansa ƙarami, matuƙar ya kafa shaidu kuma ba shi ke zaune a wurin ba. Fegin da ba a gina ba ya shiga cikin wannan. Ka kafa shaidu, sannan ka bi sawu a juya takardar zuwa sunanta, don kyautar baki ita ce abincin rigima. Ka yi tunani dai kafin ka yi: shekarunka 27, in Allah ya ba ka wasu ƴaƴan, me za ka ba su? Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba a jira sai an kwanta.

Moto ga ƙanenka kuwa ta halatta, kuma dalilin zai ba ka mamaki. Muddin mahaifinku yana raye, ƙanenka ba ya gadonka, uba ya tare shi. Tunda ba magaji ba ne, wasiyya gare shi ta inganta in kuɗin moton bai wuce sulusi ba. Sai dai ana duba wane ne magaji ranar rasuwa, ba ranar rubutu ba. In mahaifinka ya riga ka, kai kuma ba ka da ɗa namiji, ƙanen nan ya zama magaji, wasiyyar ta faɗi. Shi ya sa ake sake duba takardar duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa a gida.

Ni a ganina rabin amfanin wasiyyar saurayi irinka ba a rabon kaya yake ba. Ka rubuta wanda ke binka da wanda kake bi, da adadi. Ka rubuta ajiyar mutane da ke hannunka, har wayoyin da aka bari a shago. In da ragowar sadaki, bashi ne, ka rubuta. Ka rubuta kayan da ke cikin gida waɗanda na matarka ne, don kada a haɗa da gadon kwanciyarta da katifarta cikin rabo. Ka ambaci wasiyyi, wanda zai kula da rabon ɗiyarka har ta girma, ka kuma tambaye shi tukuna ko ya yarda. Ka rubuta da hannunka, da Hausa ko ajami ko Faransanci, ka sa kwanan wata da hannu, adilai biyu waɗanda ba su da rabo a ciki su shaida. Kofi ɗaya wurin mahaifinka, ɗaya wurin limaminku ko noter. In kuɗin lauya ya yi maka nauyi, ka tambayi ofishin hukumar agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, a babbar kotu.

Kawu, barka da aiki. Ni budurwa ce, ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa, ni ke riƙe da mahaifiyata a Sabon Gari tun rasuwar babanmu. Ina da yaya namiji amma hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Ina so in wakilta wata aminiyata, an ce mini wai mace ba ta wakilta mace alhali tana da namiji a gida. Haka ne? Sannan shafin da nake gudanarwa a Facebook da saƙonnin mutanen da ke ba ni labari a ɓoye, yaya zan yi da su?

Ɗiyarka, daga Sabon Gari

Barka kadai ɗiyata. Wanda ya faɗa miki haka ya haɗa waliccin aure da wakilcin dukiya, kuma ba abu ɗaya ba ne. Mace baliga mai hankali tana da cikakken iko kan kuɗinta, tana wakilta wanda ta so, mace ko namiji, ita ma ana wakilta ta. Ki yi takardar yadda na bayyana a sama, ki rubuta cewa aminiyarki za ta riƙa cirar kaza duk wata ta kai wa Hajiya. Shawara ɗaya: kada yayanki ya ji labarin a bakin ma'aikacin banki. Ki faɗa a gaban mahaifiyarku da wani babba na dangi, ba sai kin kawo dalili ba. Ki sani kuma takardar ba ta hana shi gadonki in ta Allah ta kasance, tunda babanku ya rasu kuma ba ki da ɗa. In akwai abin da kike so ya zama na Hajiya ita kaɗai, ki ba ta yanzu ta karɓa.

Maganar shafi mai sauƙi ce. Kada ki zama ke kaɗai mai gudanar da shi, ki ƙara mutum ɗaya da kika yarda da shi. Facebook yana da wurin da ake zaɓar wanda zai kula da shafin mutum bayan rasuwarsa, kuma wanda aka zaɓa ba ya iya karanta saƙonnin sirri. Google ma yana barin ki tsara cewa in asusunki ya yi wata 3 zuwa 18 ba a taɓa shi ba, a aika wa wane abin da kika zaɓa ko a goge. WhatsApp kuwa yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba, don haka duk wata hujjar bashi ko ciniki da ke can kaɗai take, ki kwafe ta a takarda.

Kada ki rubuta lambobin sirri cikin wasiyya, domin a gaban jama'a ake karanta ta. Na kuɗi ki sa a ambulan ki liƙe, ki ba wadda kika wakilta. Saƙonnin masu ba ki labari kuwa ba dukiya ba ne balle a gada, amana ce, kuma lafiyar wasu na rataye da ita. Waɗannan ba a bar wa kowa, ko aminiya. Abin da kika gama aiki da shi ki goge, sunayensu kuma kada su zauna a waya da sunan da aka san su da shi. Lambar lauyan da za a kira da ta shugaban gidan rediyonku, ki rubuta su da manyan baƙaƙe a takarda ki ba Hajiya, ki nuna wa yaron maƙwabta da ke karanta mata saƙo inda ta ajiye.